Ranar da Aka Shanya Aradu

Jontay Pettway da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Aradu, bayan ya jira shekara huɗu ba wanda ya raɗa masa. Ya sa an rubuta sunan a bayan motarsa, an zana shi a damtsensa, an kuma ƙera shi a jikin wata sarƙar wuya da ta isa a ɗaure ɗan maraƙi. A ƙungiyar Dila ta Omaha, ta ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu, shi ne na huɗu cikin masu cafke ƙwallo, wato sai mutum uku sun gaji ko sun karye kafin mai jifa ya tuna da shi. Amma in ka ji shi yana zuba a ɗakin sauya kaya, sai ka rantse a gidansu aka ƙirƙiro wasan.

Wata Litinin, saura kwana takwas a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya zube kusa da maƙwabcin kabad ɗinsa, Sione Tupuola, wani ƙato ɗan Samoa wanda aikinsa a fili shi ne tare mutane da ƙirji.

"Sione, kalle ni da kyau ka more. Daga mako mai zuwa sai dai a talabijin."

Sione bai ɗago daga naɗe ƙafarsa ba. "Sayar da kai aka yi? Wa ya tafka wannan asarar?"

"Ba a sayar da Aradu. Gida zan koma, Mobile, ƙungiyar Guguwa. Wasa bakwai, nasara bakwai. Bana zoben zakaru nasu ne, kuma da yatsana aka auna shi. Aradu da Guguwa, ai uwa ɗaya uba ɗaya."

"To ta ina? Kwantiraginka na nan da ransa."

"Korata za su yi. Ni zan sa su kore ni."

"Sai a shanya ka, 'yan Bushiya su tsince ka. Ka fara sayen safa mai kauri."

Jontay ya ɗaga yatsu huɗu har suna taɓa hancin Sione. "Kakar wasa huɗu cif, mutumina. Yara ake shanyawa."

A nan kam bai yi ƙarya ba, kuma dokar har masu wankin riguna sun san ta. In ƙungiya ta sallami ɗan wasa, ba a sakinsa ya tafi inda ransa ke so. Shanya sunansa ake yi awa ashirin da huɗu a gaban sauran ƙungiyoyi, duk wadda ta miƙa hannu ta ɗauke shi da kwantiraginsa, ba mai tambayar ra'ayinsa. In hannu biyu suka miƙo, wadda ta fi shan kashi a kakar ita ke ci. Wanda ya cika kaka huɗu ne kawai ba a shanyawa, ana sallamarsa ya zama ɗan kansa. Shi ma ɗin sai in an sallame shi kafin a rufe kasuwa. Ana rufewa, yaro da babba igiya ɗaya ce. Su kuwa 'yan Bushiya na Fargo, can arewa inda hawaye ke daskarewa a kumatu, ba su ci wasa ko ɗaya ba, don haka kullum su ne a farkon layi.

Ya kira wakiliyarsa, Rhonda Baptiste, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

Ta ce, "Na yi magana da mutanen Guguwa. In ka zama ɗan kanka za su ɗauke ka, na biyar a layi."

"Na ɗaya take nufi," in ji Jontay, yana waiwayen jama'a.

"Na biyar na ce. Kuma su ne ƙarshen masu zaɓe, in aka shanya ka ko ƙamshinka ba za su ji ba. Ni ban ce ka jawo a kore ka ba. In kuma kunnen ƙashi za ka yi, to lalle takardar sallamarka ta isa ofishin hukumar wasan kafin ƙarfe huɗu na Talata, agogon..."

"Na ji, na ji, ƙarfe huɗu. Ni za a koya wa agogo?" Ya kashe wayar.

Ranar Laraba ya fara da makara. Atisaye ƙarfe tara ne, shi kuwa sai sha ɗaya ya iso, da silifas, da kofin kofi a hannu, yana hamma da ƙarfi don a ji shi. Ya tarar da fili wayam, ba kowa sai Koci Halvorsen, tsoho mai jan wuya, yana tsaye cikin ruwa iya idon sawu. Ashe bututu ne ya fashe da asuba, an aika wa kowa saƙo cewa an mayar da atisaye sha biyu. Jontay ba ya karanta saƙon ƙungiya, ya ce na talakawa ne.

Da sauran suka hallara, Koci ya dafa kafaɗarsa. "Ku dubi wannan! Awa guda kafin lokaci, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Irinsa nake so."

Aka tafa masa. Sione ya fi kowa tafi, yana share hawayen dariya.

Jontay ya ce a bar shi da Lahadi. Ranar wasa ce, mutum dubu sittin a fili, kuma ya ɗaura aniyar duk ƙwallon da aka jefo masa sai ta sha ƙasa. Sai ga shi ba a jefo ba. Ya yi ta gudu yana ɗaga hannu har wasa ya zo ƙarshe, saura daƙiƙa shida, an fi Dila da maki huɗu. Mai jifa ya duba na ɗaya, an rufe shi. Na biyu ya faɗi. Na uku yana benci da ƙanƙara a gwiwa. Don dole ya wurga wa na huɗu.

Jontay ya ga ƙwallo tafe, ya mayar da hannayensa baya, ya runtse ido. Ƙwallo ta zo ta cake tsakanin ƙarafan fuskar hular kwanonsa, ta maƙale tam. Ya kai hannu zai cire ta, ya kasa, ya yi ta tangaɗi ba ya gani, mutum biyu suka kawo masa cafka suka yi karo da juna, shi kuma ya yi tuntuɓe da ƙafarsa ya faɗa bayan layin ci, rungume da kansa da ƙwallon gaba ɗaya. Alƙali ya ɗaga hannu biyu, alamar an ci, Dila ta yi nasara. Fili ya ɗauki ihu.

Suka ɗaga shi sama yana wutsil-wutsil yana cewa, "Kuskure ne! Ku sauke ni, kuskure ne!" Ba wanda ya ji.

Koci Halvorsen ya rungume shi da idanu jajaye. "Ɗana, muddin ina numfashi ba inda za ka."

"Allah ya ƙara wa Koci lafiya," in ji Sione daga baya.

Litinin 'yan jarida suka yi masa caa, shi kuwa abin nema ya samu. Ya gyara sarƙa, ya ja abin magana kusa da bakinsa.

"Ku rubuta. Koci Halvorsen ya tsufa. Dabarunsa tun na zamanin da ake buga wasan nan da hular fata ne. Ƙungiyar nan ta yi mini kaɗan."

Wata ta ce, "To in aka sallame ka, Bushiya ta ɗauka fa? Ka san 'yan cafkensu biyu sun ji rauni."

Ya yi wata dariya har da dukan tebur. "Bushiya? Waɗanda da an taɓa su sai su dunƙule? Kakata da sandarta za ta ci su maki talatin. Garin da ko kare sai an sa masa riga kafin ya yi haushi! Da in buga wa Bushiya gara in koma wankin mota. Ku rubuta wannan da manyan baƙi."

Suka rubuta kuwa. Sannan suka garzaya wurin Koci suka karanta masa abin da aka ce a kansa. Tsoho ya sosa wuya ya ce, "Matata ta fi haka faɗa mini kullum kafin in sha shayi. Yaron yana da wuta a cikinsa. Ranar Lahadi da shi zan fara."

Jontay ya kwana da ciwon kai. Mutum ya yi makara, ya yi sakaci, ya yi rashin kunya, duk an mayar masa da su lada.

Talata aka tara su da rana don ɗaukar hoton ƙungiya, har mai ƙungiyar ta zo, Madam Lindqvist, tsohuwa 'yar firit mai sandar azurfa. A tsakiyar ɗakin sauya kaya akwai hoton kan dila a jikin darduma, wanda marigayi mijinta ya zana da hannunsa. Ba a taka shi. Baƙo in ya taka, sai ya durƙusa ya goge da rigarsa, 'yan wasa kuwa ko a guje suke sai sun kewaye.

Ana cikin jera mutane sai ga Jontay ya fito daga banɗaki sanye da rigar ƙungiyar Guguwa, shuɗiya shar. Ya taka har tsakiyar darduma, ya tsaya a kan hancin dila, ya goge tafin takalminsa na dama, ya goge na hagu, sannan ya ce wa mai hoto, "Ɗauka."

Madam Lindqvist ta dube shi daga sama har ƙasa, ta juya ta fita. Sione ya taso a hankali, ya ɗauke shi cak, ya dulmiya shi cikin kwandon ƙazaman safa, ya danna murfi.

Ƙarfe biyu da kwata wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa kwandon. "Pettway, Manaja na son ganinka. Ka taho da littafin dabaru."

Duk ɗan wasan da ya ji wannan magana, ya san tasa ta ƙare, don ba a ce wa mutum ya taho da littafinsa sai za a karɓe. Jontay ya fito da safa a kafaɗa yana rawa. Ya duba agogonsa na zinare, ya ga akwai kusan awa biyu kafin huɗu, ya ce Aradu ba ya tafiya shiru.

Ya hau benci ya yi jawabin ban kwana. Ya faro daga ranar da aka haife shi, wai an yi tsawa sau uku ba hadari. Ya yafe wa mai jifa. Ya yafe wa Sione. Ya bi kabad-kabad yana raba safarsa da ya sa wa hannu, ana karɓa ana jefawa a shara a gabansa.

"Kai, je ka mana," in ji Sione. "Mutum na jiranka."

"Ya jira. Shekara huɗu ina jiransu."

Daga nan ya zauna aka gyara masa gefen gashi, don akwai masu hoto a bakin ƙofa. Sai uku da minti ashirin ya tura ƙofar ofis.

Manaja Ostrander ya ce, "Tun biyu da kwata takardarka ke gabana. Ni ba na aika sunan mutum sai na faɗa masa ido da ido. An sallame ka." Ya karɓi littafin, ya danna abin da zai danna a na'ura.

Jontay ya buga agogonsa da yatsa. "Uku da ashirin da biyar. Har da rarar minti talatin da biyar. Aradu ba ya makara."

Manaja ya ɗaga kai ya dubi bango, inda agogo biyu ke rataye gefe da gefe, ɗaya na gaba da ɗaya da awa guda. Ya buɗe baki, ya tuna da hancin dila, ya rufe. "Allah ya kiyaye hanya," kawai ya ce.

Tun bai kai mota ba ya kira gida. "Mama, ɗanki na tafe! Jibi Alhamis a soya kifi, a kira unguwa, a kira Fasto. A gaban kowa Guguwa za su kira ni." Yana ajiyewa kiran Rhonda ya shigo.

"Ƙarfe nawa aka aika takardar?"

"Uku da ashirin da biyar. Ki taya ni murna."

"Uku da ashirin da biyar na ina, Jontay?"

"Na hannuna mana."

"Ofishin hukuma a New York yake! Ƙarfe huɗu agogon New York, wato ukunku na Omaha. Abin da nake faɗa ke nan ka kashe mini waya. An rufe kasuwa kana kan benci kana yafe wa mutane. Gobe za a shanya ka."

Ya jingina da motar da aka rubuta ARADU. "Kaka huɗu fa nake da ita."

"Ko arba'in ce. Yanzu saurara, kuma in ka kashe wayar nan sai na zo har gida na fasa ta. Sunanka zai shiga jerin gobe Laraba. Wa'adi zai cika Alhamis ƙarfe huɗu a New York, wato ƙarfe uku a garinku Mobile. In uku ta buga ba wanda ya miƙa hannu, ka zama ɗan kanka, Guguwa su ɗauke ka. Kafin nan ka zauna wuri ɗaya, ka rufe bakinka."

"Alhamis, ƙarfe uku," in ji Jontay. Ya cire agogon nan take ya tura shi gaba da awa ɗaya. "Daga yau lokacin New York nake ɗaurawa. Ba a cizon Aradu sau biyu a rami ɗaya."

Rufe baki kuwa ba ya cikin abin da Allah ya hore masa. Kafin ya isa filin jirgi ya haifi sabuwar dabara: ba mai ɗaukar gurgu. Ya tsaya a kantin magani ya sayi sandar guragu da bandeji, ya naɗe gwiwa har ta yi girman kabewa, ya sa aka tura shi a keken marasa lafiya, ya ɗauki kansa a waya yana nishi. "Jama'a, ku sa ni a addu'a. Gwiwar nan sai a hankali." Ya watsa wa duniya.

Abin haushin, dabarar ta fara ci. Ranar Alhamis da safe Rhonda ta kira ta ce ta ji ƙishin-ƙishin 'yan Bushiya sun ja baya, suna cewa guragunsu sun ishe su. "Mutanen Guguwa kuma na gaya musu likitansu ya duba ka da kansa. Saura 'yan awoyi. Don girman Allah kada ka motsa."

Tsakar gidan Mama Odessa ya cika tun sha biyu. Tarwaɗa na soyuwa a babban kasko, ga haƙarƙari a kan garwashi, ga kuɓewa da burodin masara, ga tulun shayi mai ƙanƙara. Matan majami'a sun zo da manyan hulunansu. Tsakanin itatuwa biyu an ɗaure wani ƙaton ƙyalle mai kauri da matan suka kwana biyu suna ɗinkawa, an rubuta ARADU YA DAWO GIDA. Jontay ya haɗa wayarsa da lasifikar kiɗa, don in Guguwa suka kira har layi na uku a ji.

Ya fito yana dogara sanda, yana cije leɓe. Ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Cleotis, mai askin unguwa, wanda ba abin da ke wuce shi bai ɗauka a waya ya watsa ba, ya karkata kai yana kallonsa.

"Ɗan nan, jiya da ka sauka ba hagu kake ja ba?"

"Ciwon yawo yake yi, Kawu."

"Ikon Allah. To ka riƙe shi kada ya hau kai, can ɗin ba wuri."

Wata tsohuwa, Sista Verlene, ta kama gwiwar da hannu biyu ta shiga addu'a da ƙarfi, sai da Fasto ya taɓa ta ya ce ɗayar ce mai bandeji. Mama Odessa kuwa ko kallon ƙafar ba ta yi ba, tana juya kifi.

"Ni na haife ka," ta ce. "Wannan ɗingishin tun kana ɗan shekara bakwai na san shi. Ranar jarrabawa yake zuwa."

"Mama, ki rage murya. Dabara ce. Ƙarfe uku na yi zan warke."

"Allah ya sa. Ni dai kifin nan na mutum sittin ne, kada ka sa in soya shi a banza."

Ya zauna a kujera ya ɗora ƙafa a kan bokiti, yana ba mutane labarin ƙwallon da ya cafke da fuska, wai ya shekara yana koyon abin a ɓoye. Kowane minti biyu sai ya saci kallon agogo. Kalma biyu kawai ke yawo a kansa: ƙarfe uku, ƙarfe uku. Dogon hannu ya hau sha biyu, gajere ya zauna a kan uku. Waya ba ta yi ƙara ba.

Ya miƙe tsaye a kan bokitin. "Jama'a! An shanya Aradu, ba wanda ya isa ya taɓa! Na zama ɗan kaina!" Ya warware bandeji, ya wulwula sandar ya cilla ta kan rufin gida.

Sista Verlene ta zube a ƙasa. "Ya warke! Na gode Yesu, ya warke!"

"Kawu, kunna waya, duniya ta gani. Fasto, ga ƙwallo, jefa ta can bayan teburin kifi, da ƙarfi!"

Fasto ya naɗe hannun riga ya wurga. Jontay ya fyalla a guje, ya kauce wa mata biyu, ya daka tsalle ya haye teburin kifi da duk abin da ke kansa, ya miƙa hannu ɗaya a sama ya cafke ƙwallon da yatsu uku. Gaskiya ɗaya ce, tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa yin cafka mai kyan wannan ba. Ya dira a kan tulun shayi, ya tashi jiƙe sharkaf, ya taka rawa a gaban wayar Kawu.

"Ku gaida mini da Fargo!" ya ce, yana nuna gwiwa.

"Bidiyon ya tafi," in ji Kawu Cleotis. "Har na saka sunan ƙungiyoyin duka, kowa ya samu."

Sai ƙararrawar majami'ar bakin titi ta buga. Ta buga ɗaya. Ta buga biyu. Jontay ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana jiran ta uku. Tsuntsaye suka gama tashi daga hasumiya, suka dawo suka zauna.

"Fasto, ƙararrawarku ta lalace."

Fasto ya duba hannunsa. "Ƙarfe biyu ne, ɗana."

"Biyu," in ji Mama Odessa daga bakin kasko.

"Biyu daidai," in ji matan majami'a, kowace na duba wayarta.

Jontay ya dubi agogon zinare, agogon ya dube shi. Shi da hannunsa ya tura shi New York shekaranjiya, ya kuma zo yana neman ukun Mobile a jikinsa.

"Kawu, goge! Goge shi!"

"In goge me? Mutum dubu tara sun gani. Shekara shida ina watsa aski ban taɓa wuce ɗari biyu ba."

"Sandata! Ina sandata?"

Yatsu sittin suka nuna rufi. Ya ruga ya jawo tsani, ya haye shi bibbiyu kamar biri, ya rarrafa ya ɗauko sandar, ya diro daga rabin tsanin don sauri. Da ya ɗago, wayar Kawu na kallonsa.

"Wannan ma ya tafi," in ji Kawu. "Hannuna ne ya saba."

Sauran awar ya yi ta ne a kujera, da bandeji a gwiwar da ba ita ba, yana nishin da ko Sista Verlene ba ta yarda da shi ba. Mutane suka ci kifi suna kallonsa. Ba wanda ya tafi, don wa zai bar wannan ya je gida? Da ƙararrawa ta buga uku na gaskiya, da 'yan mintoci, sai lasifika ta ɗauki ƙarar waya. Ya kai hannu zai zare igiyar, Mama Odessa ta buge hannun da cokalin kifi.

"Kai ka ce a gaban kowa."

Muryar Rhonda ta cika unguwa. "Jontay, hannu ɗaya aka miƙa, saura minti goma sha biyu wa'adi ya cika. Ga mai hannun, yana son gaishe ka."

Wata murya mai sanyi, ta dattijo, ta shigo. "Pettway? Koci Nygaard ne, daga Bushiya. Wallahi har mun haƙura da kai saboda gwiwar nan. Sai yaranmu suka nuna mini tsallen teburi. Hawan tsanin ma ya burge likitanmu ƙwarai."

"Koci, ai ciwon yana tafiya yana dawo..."

"Sanyin nan zai riƙe shi wuri ɗaya. Mun kuma karanta abin da ka ce a jarida, mun manna shi a ƙofar kabad ɗinka, yara na ɗokin ganinka. In kakar taka tana da sarari ka taho da ita, da sandarta, muna neman mutane. Atisaye gobe ƙarfe tara. Lokacinmu ɗaya da na mahaifiyarka, ita za ka tambaya."

Tsakar gida ya fashe. Fasto ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Jontay ya rungumo wayar da hannu biyu.

"Rhonda, in na ƙi zuwa fa?"

"Sai ka zauna a gida, ba ka buga wa kowa. Wankin motar da ka ambata yana nan."

"Akwai ɗaya jikin shagona," in ji Kawu Cleotis. "Suna neman mai goge taya."

"Guguwa fa?"

"Sun ce a gaishe ka, cafkar ta yi kyau. Jirginka ƙarfe shida. Shidan Mobile, Jontay."

Mama Odessa ta goge hannu a zaninta na girki, ta zo ta kama wuyan hannunsa, ta kwance agogon zinaren ta jefa a aljihu. Sannan ta sa Fasto da Kawu suka kwance ƙyallen nan daga jikin itatuwa, ta ninke shi huɗu, ta ɗora masa a cinya, ta ɗora ƙunshin kifi a kai.

"Mama, me zan yi da wannan? An rubuta na dawo gida."

"Ka juya rubutun ciki," ta ce. "Ninki biyu muka yi masa, ya fi bargo. Tashi, Kawunka zai kai ka, kuma a wayarsa za a duba lokaci."